Yogot da kindirmo a lokacin yaƙi: ya kasuwar madara ta kaya a Sudan?

Maman Ikram: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, musamman ga 'yan uwanmu na Sudan da waɗanda suka yi karatu a can. Kun dai san sana'ata yogot ce, fari mara sukari nake yi ina kai wa shaguna da masu fura, kuma kullum kukana ɗaya ne, wuta da kuɗin dizal. To abin da ke ɗaure min kai, mu da ake zaune lafiya ma haka muke fama, a Khartoum da aka yi ta ruwan harsashi fa ya masu irin sana'ar nan suka yi? Abu ne da ko wuni ɗaya baya jurewa ba firji. Daina sha aka yi gaba ɗaya ko akwai wata dabara da suka ɓullo da ita?

Abu Hafsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ina Khartoum karatu lokacin da abin ya ɓarke, ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Kafin nan ki sani mutanen can zabadi suke ce masa kuma ba abin marmari ba ne a wajensu kamar yadda muke ɗaukarsa a nan, cefane ne na kullum. Kowane ɗan shagon unguwa akwai firji a bakin ƙofa cike da kofunan Capo na kamfanin DAL da na wasu ƙananan kamfanoni, ana haɗa shi da kokwamba da tafarnuwa a ci da burodi, a zuba a miya, a ba yara, balle kuma da azumi. Da aka fara harbi wuta ta ɗauke a unguwanni da yawa, ruwan famfo ma ya tsaya, ga zafin Afrilu na Khartoum da ke haura digiri 40. Mai shagon layinmu da farko karya kuɗin ya yi, daga baya ya koma duk wanda ya zo sayen burodi sai ya ɗora masa kofi biyu uku kyauta ya ce a sha yau kar a ajiye. Waɗanda suka rage na gani da idona, murfin nan na gwangwani mai laushi ya kumbura ya yi tozo, in ka ɓula sai ya yi tsiit, ruwa-ruwa a sama gudaji a ƙasa, tsami har hanci. Ƙarshe ya zare filogin firjin ya mayar da shi wajen ajiye taliya da sabulu. Har aka kwashe mu a motoci zuwa iyakar Masar ban ƙara ganin motar da ke kawo kaya ta shigo layin ba.

Maman Ikram: Innalillahi. Wallahi wannan kumburin murfin na san shi, ranar da ka gan shi ka san jari ya tafi.

Ɗan Mai Wurno: Sallama gare ku. Ni Bahaushen Sudan ne, asalinmu Mai Wurno kusa da Sinnar amma a Bahri na yi zaman aiki. Abin da ɗan'uwa Abu Hafsa ya gani ƙarshen igiyar ne, bari in ba ku farkonta. Khartoum gari uku ne a haɗe, Khartoum da Omdurman da Bahri, kogi ya raba su gadoji suka haɗa. Yawancin masana'antun ƙasar gaba ɗaya a nan aka tara su, musamman unguwar masana'antu ta Bahri, su kuma shanun tatsa suna gefen gari, wajajen Hillat Kuku da gabashin Nilu da bayan Omdurman. Kullum da asuba da yamma za ka ga masu madara a kan jakuna da 'yan ƙananan motoci da manyan gwangwanaye suna shiga unguwa-unguwa, wasu kuma suna kai wa kamfani. To yaƙin nan tsakanin sojojin gwamnati na Burhan da dakarun kar-ta-kwana na RSF na Hemedti a tsakiyar wannan wurin ya faɗo, ba a daji ba. Gadoji suka zama fagen daga, Bahri aka wawashe masana'antu aka ƙona wasu, motar da duk ta fito ana iya ƙwace ta a shinge. Ka ga saniya tana gabas, injin yana Bahri, mai saye yana Omdurman, kuma ba mai iya tsallakawa wajen wani.

Injiniya Mai Sanyi: Malam ka taɓo inda nake so. Aikina kenan gyaran ɗakunan sanyi da firizoji, kuma kullum ina gaya wa masu yogot cewa abin da suke sayarwa rabinsa madara ne rabinsa wuta. Ku lissafa da ni. Ana tatsa, dole madarar ta sauka zuwa wajen digiri 4 cikin 'yan awanni in ba haka ba a zafinmu ta fara juyawa, wannan tankin sanyi ne, wuta. A kai ta masana'anta a tanka, dizal. A dafa ta zuwa digiri 85 ko 90, tukunyar tururi, mai ko gas. A sauke ta zuwa 42 zuwa 45 a zuba iri a bar ta awa huɗu zuwa shida ta kama. Da ta kama sai a yi maza a sanyaya domin ƙwayoyin nan da suka mai da ita yogot ba mutuwa suka yi ba, sanyi ne kawai ke sa su lafawa, zafi na dawowa su ci gaba da aiki. Daga nan ɗakin sanyi, mota mai firji, firjin dila, firjin mai shago, firjin gida. A cikin wannan jerin ko ɗaya ya yanke kaya sun tashi aiki, ba sai duk sun yanke ba. In sanyi bai yanke ba yakan yi sati biyu zuwa uku, in ya yanke kuwa a garin da ake digiri 40 wuni ɗaya ya isa.

Sarkin Gardama: Ku yi hakuri fa amma gsky abin nan ya ban mamaki. Kasar da aka raba mutum sama da miliyan 10 da gidajensu, aka ayyana yunwa a sansanin Zamzam a 2024, ana kashe mutane a Darfur, mu kuma muna nan muna jimamin yogot?? Wanda bai samu asida, tuwonsu na can, ba ina ruwansa da kofin Capo

Likitar Yara: Sarkin Gardama na fahimce ka, kuma ba wanda ya ce kofin yogot ya kai ran mutum. Amma firjin da ya mutu a shago shi ne ya mutu a asibiti. A makonnin farko na yaƙin UNICEF ta yi gargaɗin cewa alluran rigakafi da insulin na sama da dala miliyan 40 suna cikin haɗari saboda ɗaukewar wuta da rashin man janareta. Wuta ɗaya ce, dizal ɗaya ne, hanya ɗaya ce. Sannan a watan Mayu 2023 masana'antar Samil da ke Khartoum ta ƙone, ita ce ke yin wajen kashi 60 cikin 100 na abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a Sudan, wanda ake haɗawa da gyaɗa da madarar gari da sukari da mai. Yaron da aka yaye a gidan da ba nama ba ƙwai, ɗan nonon da ake dama masa shi ne abin gina jikinsa. In ka ga madara ta ɓace a kasuwa, ka ba shi 'yan watanni za ka ga sakamakon a ɗakin awon yara.

Sarkin Gardama: Toh Likita na ji wannan. Amma har yanzu ina ganin na kamfani kayan yan birni ne masu kudi

Ɗan Mai Wurno: Mai sha wataƙila ɗan birni ne, amma mai jakin da ke kawo madara ba mai kuɗi ba ne, haka mai yankan ciyawa, haka yaron da ke tatsa, haka direba. Su ne suka fara rasa abinci.

'Yar Ruga: Ni dai ina ta karatu ina murmushi. Duk wannan dogon jerin da Injiniya ya zayyano, tanki, tanka, ɗakin sanyi, kakata ba ta san ko ɗaya ba kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa zubar da nono don wuta ta ɗauke ba. A tatsa da safe, a tafasa, a juye a ƙwarya mai tsabta, a ɗiga ɗan na jiya a rufe da faifai, gobe kindirmo ya kwanta. In ya kwana biyu a kaɗe a cire man shanu, nonon ya tafi kasuwa a dama fura, man a soya shi ya yi watanni. Tsamin nan da kuke gudu ai shi ne maganin lalacewar tun asali, don haka aka ƙirƙiro abin. Ku ne kuka ɗauko abin da aka yi shi don ya jure zafi kuka mai da shi ba ya rayuwa sai da NEPA. Na tabbata a Sudan ma matan makiyaya ba su daina ba.

Ɗan Mai Wurno: Ba su daina ba kam 'yar'uwa. Muna da rob, kusan nononku ne da aka cire wa mai, muna da mish da ake zuba wa habbatus sauda da hulba da tafarnuwa wani lokaci da barkono, yana daɗewa sosai ba firji, masu raƙuma suna da gariss, sannan farin cuku mai gishiri na wajajen Duwaim a Farin Nilu wanda ake ajiyewa cikin ruwan gishirinsa. Waɗannan su suka riƙe mutane a inda dabbobi suka tsira. Kuma a gidaje mata da yawa sun koma haɗa zabadi da kansu, a dama madarar gari da ruwan ɗumi a sa cokali ɗaya na tsohon a rufe da tawul, da dare a haɗa da safe a shanye, ba a ajiyewa.

'Yar Ruga: Kun ji ko. Magana ta ƙare.

Likitan Dabbobi: Ba ta ƙare ba Hajiya, da sauranta. Inda kika yi gaskiya na yarda, amma akwai abu biyu da kika tsallake. Na farko ƙwarya ba ta buƙatar wuta amma tana buƙatar saniya, kuma saniya a lokacin yaƙi ganima ce mai kai kanta, ba sai an ɗauke ta a mota ba, kora ta kawai za a yi. Sudan na cikin ƙasashen da suka fi dabbobi a Afirka, sama da miliyan 100 in aka haɗa shanu da tumaki da awaki da raƙuma, suna da Kenana da Butana waɗanda a shanun gida kaf ɗin nahiyar nan suna cikin masu nono. To amma yawancin garken yana Kordofan da Darfur, inda wutar ta fi ci, burtalin da ake bi rani da damina ya toshe, rigakafin dabbobi ya tsaya. Na biyu, shanun da ke ciyar da Khartoum ba irin na ruga ba ne da za ka ce tashi mu gudu. Yawanci an haɗa su da jinin Friesian na Turai, wasu ma tsantsa ne, a ɗaure suke ana kawo musu abinci har gabansu, ciyawar barsim da karan dawar nan abu sab'in da ƙuli-ƙulin gyaɗa da dusa, ga ruwa mai yawa da suke sha, a manyan gonaki har fanka da yayyafi ake musu. Irin wannan saniyar in aka kwana biyu ba a tatse ta ba hantsar ta kumbura ta kamu da ciwo, in abinci ya yanke nono ya ƙafe, kuma ba ya dawowa don an tsagaita wuta, sai ta sake haihuwa. Wadda aka yanka ko aka sace kuwa, kafin ki rena 'yar maraƙa ta kai tatsa kin doshi shekara uku. Injin in da kuɗi a wata shida an sayo wani. Garke ba a sayo shi haka.

'Yar Ruga: Wannan kam gaskiya ne Likita, mu da muke da dangi a Zamfara ba sai an ba mu labarin satar shanu ba. Akwai kasuwannin da da in ka je layin masu nono sai ka rasa na wa za ka saya, yanzu 'yan ƙwarya kaɗan ne, wasu ma madarar gari suke damawa su zuba a ƙwaryar don kar sana'a ta mutu. Amma duk da haka ni a ganina wanda ya dogara da na gargajiya ya fi saurin miƙewa.

Likitan Dabbobi: A ƙauye eh. Birnin da ke da mutum miliyan shida ko fiye ba ƙwarya za ta ciyar da shi ba, nisan kawai ya isa. Sannan a faɗi gaskiya, ba kowa ke tafasawa kamar kakarki ba, kuma lokacin da gas ya ɓace gawayi ya yi tsada tafasawar ce ke fara tafiya. Ɗanyar madara na ɗauke da cutar nan mai sa shanu ɓari da ke kama mutum da zazzaɓi mai wuyar magani, ga tarin fuka na shanu, ga ruwan da ake ƙarawa wanda ba a san daga ina aka ɗebo ba a ƙasar da kwalara ta ɓarke cikin yaƙin.

Abu Hafsa: Ɗan Mai Wurno, ni bayan mun fito labari ya yanke min. Da mutane suka koma Madani ba a ci gaba da yi a can ba?

Ɗan Mai Wurno: An fara. Wad Madani ita ta zama mafaka, 'yan kasuwa da ƙananan masu sana'a da yawa suka kwashe abin da suka iya suka koma can, ga jihar Jazira da garin yake ciki ƙasar noma ce akwai ciyawa akwai shanu. Sai a Disamba 2023 RSF ta shiga Madani, aka sake gudu karo na biyu, wanda ya sayi firiza da ɗan abin da ya rage masa ya bar ta a nan. Sojoji ba su karɓe ta ba sai Janairu 2025, Khartoum kuma Maris 2025. A tsakanin nan kasuwa ta koma Port Sudan da Atbara da Kassala da Gadarif, kuma abin da ya cika shaguna shi ne wanda baya son firji, madarar gari da madarar kwali mai daɗewa, yawanci daga waje, ta Masar ko ta jirgin ruwa. Ga kuɗin ƙasa ya zube, kafin yaƙi dala ɗaya wajen fam 600 ce, a cikin 2024 ta wuce 2,000 a kasuwar bayan fage, to duk abin da ake shigowa da shi ka san yadda zai kasance. A Fabrairu 2024 kuma layukan waya da intanet suka ɗauke, manhajar Bankak da kowa ke biya da ita ta tsaya, mai madara na tsaye da kaya mai saye na tsaye da waya ba yadda za a yi. Kuma kar ku ɗauka inda ba a harbi an huta. Daga farkon 2025 jirage marasa matuƙi suka riƙa kai hari tashar wutar madatsar Merowe da wasu tashoshin, garuruwan da ke nesa da fagen daga suka kwana cikin duhu, a Mayu 2025 aka kai wa rumbunan mai na Port Sudan ɗin kanta. Mutum yana da shago lafiya lau ba wanda ya taɓa shi amma firjinsa ya mutu saboda abin da ya faru a nisan ɗaruruwan kilomita.

Injiniya Mai Sanyi: Abin da aka yi wa Yukiren kenan, daga Oktoba 2022 Rasha ta koma dukan tashoshin wuta, masana'antun madara sai da suka koma kan manyan janareto. Bambancin su suna da hunturu kuma iyakar Turai a buɗe take ana shigo da injina. Ita ma Rashar bata sha ba ta wani ɓangaren, Tetra Pak mai yin kwalin madara ya fice a 2022, sannan a Yuli 2023 gwamnatin Putin ta karɓe reshen Danone na ƙasar. Wato ko ba a jefa maka bam ba, kwali da murfi da iri kaɗai sun isa su tsayar da kai. Irin da manyan kamfanoni ke zubawa ba na jiya ba ne irin na 'Yar Ruga, a 'yan fakiti yake zuwa daga Turai, kamfanin Chr. Hansen na Denmark, wanda ya koma Novonesis a 2024, na cikin manyan masu yinsa, kuma shi kansa a firiza ake ajiye shi. Iri ma sai da sanyi.

Malam Na Tarihi: In ɗan sa baki. Wannan komawa ga madarar da ba ta lalacewa ba sabon abu ba ne, kusan kowane yaƙi haka yake yi. Madarar gwangwani mai kauri da Gail Borden ya fara yi a Amurka ba ta samu kasuwa sosai ba sai a yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 da gwamnatin Arewa ta riƙa saye tana ba sojoji. Abin lura shi ne bayan yaƙi mutane ba sa komawa yadda suke da, bakin ya riga ya saba, ɗan kasuwa ma ya gano wanda baya masa asara. Ina jin tsoron haka za ta faru da makiyayan Sudan, a dawo zaman lafiya a tarar madarar gari ta riga ta zauna a kujerarsu.

Likitan Dabbobi: Malam ai mu ba tare da yaƙin ba ma ta zauna a tamu.

Na Yamai: Gaskiya ne. Mu nan Nijar mun ɗanɗana kaɗan, ko da yake ba yaƙi ba ne takunkumi ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta yanke muna kuran, wato wutar lantarki, a farkon Agusta, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa, iyakar Benin ma aka ruhe inda kaya ke biyowa daga Kwatano. Mu nan yawur na leda su Solani da Niger-Lait yara da manya kowa sha yake, kuma mata da yawa da shi da ƙanƙara da ruwan sanyi suke riƙe gida. Unguwa ta samu kuran awa kaɗan a ɗauke, firigo bai gama yin sanyi ba. Akwai wuraren tara madara na makiyaya a Hamdallaye da Kollo da ke kawo ma Yamai, su ma sanyin suke buƙata. Sai Fabrairu 2024 CEDEAO, wato ECOWAS, ta ɗage takunkumin. Tun lokacin duk wanda na sani mai ɗan hali sola ya sa.

Dan Yerwa: Mu a Maiduguri ai mun riga kowa. Janairu 2021 yan Boko Haram suka fasa turakun layin wuta na hanyar Damaturu, aka gyara a Maris ko sati baa yi ba suka sake fasawa. Gari guda ba wutar gwamnati wata da watanni, kuma kun san zafin Yerwa. Kankara ta zama zinari wlh, masu yogot da zobo sai dai su sayi bulo su jera a kula, kudin kankarar ya cinye ribar. Da yawa sun bari. Sai a 2023 aka bude tashar gas mai megawat 50 aka dan samu sauki

Maman Ikram: Kai jama'a. Wato in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Yanzu da nake duba kayana, madarar buhu ce daga waje, irin daga waje, robar da murfin ma ɗanyen kayansu daga waje, abin da yake namu a ciki ruwa ne kawai da hannuna. Ko yaƙi ba a yi ba dala ta motsa sai na ji a jikina.

Likitan Dabbobi: Ba ke kaɗai ba ce Hajiya, akasarin yogot ɗin da ake sha a Najeriya haka yake, kuma da yawa ma ba cikakkiyar madarar ba ce, wadda aka cire man shanun aka maye da man ja da aka tace ce don ta fi araha. Babban Banki ya gwada matsawa a 2020, ya taƙaita ba da dala don shigo da madara ga kamfanoni shida da suka yarda za su zuba jari a kiwon gida, a 2024 aka janye. An samu wuraren tara madara a wasu jihohi, su L&Z a Kano suna karɓa daga Fulani, Arla ta buɗe gona a Kaduna. Amma duk wurin tarawar da ke hanyar da ba a iya bi bayan la'asar saboda 'yan bindiga, tankin banza ne.

Sarkin Gardama: To ashe maganata ta dawo, a koma nono da fura a huta

'Yar Ruga: Yau dai mun haɗu a layi ɗaya da Sarkin Gardama, Allah mai iko 😂

Injiniya Mai Sanyi: Ni ban ce a koma ba ban ce a tsaya ba. Abin da na ɗauka a labarin Ɗan Mai Wurno shi ne an tara komai a gari ɗaya, gari ɗayan ya faɗi komai ya bi shi. Da ƙananan wurare ne birjik kusa da shanun, kowanne da solarsa yana sayarwa a garuruwan da ke kewaye da shi, da wani ya faɗi wani na tsaye. Hajiya ke a matakinki abin da zan ce, firizar kwance mai aiki da sola kai tsaye ta fi miki janareta, ki riƙa daskarar da robobin ruwa da rana su riƙe miki sanyin da dare maimakon ki tara batura masu tsada. Ki rage yawan da kike yi a lokaci ɗaya, gara ki yi kaɗan kullum ya ƙare da ki cika firiza da kayan sati. Kuma ki samu ko ruga ɗaya da za ki saba da su ki koyi yi da ɗanyar madara tun yanzu, hannun ba ɗaya ba ne da na gari.

Ɗan Mai Wurno: Sola tana taimako Injiniya, mu ma da ita aka tayar da rijiyoyi da gidajen burodi a wurare da yawa. Sai dai in faɗa maka, a unguwannin da aka shiga gida-gida faifan sola da batir na cikin abin da aka fara kwancewa, don daga nesa ake hango su a kan rufi. Ba ta hana mai bindiga.

Injiniya Mai Sanyi: Wannan kuma ba ni da maganinsa Malam.

Maman Ikram: Allah Ya kawo muku ƙarshen wannan fitina Ɗan Mai Wurno, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. 'Yar Ruga zan biyo ki ta akwati, ina so ki haɗa ni da masu kawo madarar safe ta wajen Dawakin Kudu ko Kura in kina da su, in gwada ko lita ashirin ne in ga yadda zai kama. Injiniya kai kuma ka turo min kuɗin firizar nan da faifai nawa take ci.

'Yar Ruga: Ba damuwa, amma ki shirya fita tun bayan asuba, kuma ki tafi da bokitinki mai murfi ki tace ki tafasa da kin iso gida. Da rani kuma kar ki sa rai da ashirin ɗin kullum, nonon raguwa yake.